Maki 14,6 da wasiƙun ƙi guda bakwai: abin da ya sami dosiyen ɗiyar ƙanwata

Wasiƙa ta bakwai ta iso ne cikin azumin 2023, saura kamar rabin awa a sha ruwa. Muna zaune a tsakar gida a unguwar Zariya, kunun tsamiya na hucewa a gefe, zafin Afrilu na Maraɗi ko alamar sauka bai yi ba. Ɗiyar ƙanwata ta duba salularta, ta kife ta a kan tabarma, ta ce, "Kawu, su ma sun ƙi." Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta je ta taya uwarta kwashe ƙosai daga kasko.

Ni malamin falsafa ne a wata lise a nan garin, shekara ashirin da ɗoriya ina riƙe da alli. A ajina ta fara jin sunan Freud da zancen abin da ke ɓoye a zuciyar mutum wanda shi kansa bai sani ba, daga nan kuma ta ƙulla niyyar karanta ilimin halayyar ɗan Adam, wanda ɗalibai ke kira sikoloji. Ni na zauna da ita muka haɗa takardun neman karatun nan, kuma kaso mai yawa na kurakuran da ke ciki shawarata ce. Ta yarda in ba da labarin, da sharaɗin kada in ambaci sunanta ko sunayen makarantun da ta nema.

Abin da ta je da shi

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke nan Maraɗi ta fi ƙarfi a kimiyya da noma da kiwon lafiya, don haka sai da ta bar gari ta je inda ake koyar da fannin. Ta yi lisans shekara uku ba ta maimaita ko ɗaya ba, ta fito da 14,6 bisa 20. Duk wanda ya bi tsarin karatunmu ya san nauyin wannan lamba. Daga 10 zuwa 12 an dai tsallake, daga 12 zuwa 14 an yi ƙoƙari, daga 14 zuwa 16 kuwa an shiga sahun da ake nunawa da yatsa. A fannonin adabi da zamantakewa akan yi shekaru malami bai ba kowa 17 ba.

Ta dawo gida daidai lokacin da ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka fara kwararowa cikin yankinmu a 2019, suna tsere wa ƴan bindiga, akasarinsu mata da yara, suka cika ƙauyukan Gidan Rumji. Wata ƙungiyar agaji ta ɗauke ta. Kusan shekara uku tana hawa bayan babur tana shiga ƙauyuka, tana zama da matan da aka kashe mazajensu a gabansu, daga baya aka mayar da ita wata cibiyar kula da yara masu tamowa, inda aikinta shi ne zama da iyaye mata. Da dare tana koyon Turancin Ingilishi, har ta ci jarrabawar TOEFL da makin da ake nema.

Wurare bakwai ta nema: mastar biyu a Faransa, digiri na uku biyu a lardin Kebek na Kanada, digiri na uku guda uku a Amurka, duka a reshen da ke horar da masu duba matsalolin ƙwaƙwalwa da damuwa. Kuɗin rajista da jarrabawa da fassarar takardu da zaman gidan intanet sun haura jika 400, daga adashinta da abin da uwarta ta samu na wata jar akuya da ƴaƴanta biyu. Ko ganawar baki ba a kira ta ba a wuri ɗaya. Wasiƙun kuma kamar baki ɗaya ya rubuta su: masu nema sun yi yawa, gurabe kaɗan, muna yi miki fatan alheri.

Abin da na fara faɗa a zuciyata shi ne wariya ce. Baƙar fata, ƴar Nijar, mai lulluɓi. Har yau ban ce babu wannan a duniya ba. Amma abin da na gani daga baya ya hana ni tsayawa a nan.

Minti huɗu

Da babbar salla, a ƙarshen watan Yuni, wani abokin karatuna ɗan Tasawa ya zo gida hutu. Tare muka yi lise, shi ya wuce Kanada, yau yana koyar da wannan fanni a can, kuma ya sha zama cikin kwamitin tantance masu nema. Na kai masa dosiyen a fadarmu ta shayi bayan la'asar, ita kuma ta zo ta gaishe shi ta zauna daga gefe a kan benci.

Kafin a zuba shayi na farko ya gama karantawa. Na duba agogo, bai kai minti biyar ba. Raina ya ɗan sosu, don wata uku muka yi a kan takardun nan. Ya ga fuskata ya ce, "Malam, haka ake karanta shi a can. Mutum na da aji, yana da nasa binciken, ga tulin dosiye a gabansa." Sannan ya juya wurinta. "Ɗiyata, wace tambaya kike son ki amsa, kuma a ƙarƙashin wa?"

Ta ce, "Baba, ina son in taimaki matan da na gani."

"Wannan niyya ce, Allah ya ba da lada. Tambayar nake nema."

Ta yi shiru. Ni ma shiru na yi. A cikin shafi goma sha wani abu na dosiyen babu amsar wannan tambayar ko a layi ɗaya, kuma ita ce abin da masu karantawa ke nema tun daga shafin farko.

Sai ya warware mana yadda abin yake, wanda da mun sani tun farko da ba mu kashe kuɗin akuya a banza ba. A Amurka, tun wani taro da aka yi a garin Boulder a 1949, an tsara cewa mai digiri na uku a wannan reshe ya zama mai bincike kuma mai duba marasa lafiya a lokaci guda. A mafi yawan irin waɗannan tsare-tsare ɗalibi ba ya biyan kuɗin makaranta, ana ma ba shi ɗan albashi, shekara biyar ko shida. Kuɗin daga aljihun sashe ko daga tallafin binciken wani farfesa yake fitowa. Shi ya sa ɗaruruwa kan nema a ɗauki waɗanda ba su kai goma ba, kuma kowane farfesa ɗalibi ɗaya yakan ɗauka a shekara, wata shekarar ma ko ɗaya. Mu mun ɗauka kamar jarrabawar shiga aikin gwamnati ce, a jera mutane daga na ɗaya zuwa na ƙarshe a ja layi. Ashe ya fi kama da alhajin kasuwa mai neman yaron shago. Mai harkar fatar jar akuya ba ya tambayar wane yaro ya fi kowa hankali a Maraɗi. Yana neman wanda in ya shafa fata ya san ta yi ko ba ta yi ba, wanda zai iya bar wa shagon ya yi tafiya. Yaron da ya ƙware a atamfa, komai kirkinsa, sai dai ya nemi wani layin.

Ita kuwa wasiƙa ɗaya ta aika wa dukkan bakwai ɗin, sunan makaranta kawai muke canzawa. Ba ta ambaci sunan farfesa ko ɗaya ba. Da muka koma muka duba, a ɗaya daga cikin jami'o'in Amurkan mutum guda ne ke aiki a kan ƴan gudun hijira, kuma ya rubuta a shafinsa cewa ba zai ɗauki ɗalibi a shekarar ba. Dosiyenta ya shiga gidan da mai shi ya yi tafiya. A wata kuma sashen gaba ɗaya ya karkata ne ga hoton ƙwaƙwalwa da cutar mantuwa ta tsofaffi.

Kebek ma kusan haka ne. Tun 2006 sai da digiri na uku ake shiga ƙungiyar masu wannan sana'a a lardin, don haka kowa ƙofa ɗaya yake turereniya a kanta, kuma a reshen bincike ana son mai nema ya riga ya sami malamin da ya yarda zai jagorance shi. Faransa tata matsalar daban ce. Dokar 1985 ta kare sunan wannan sana'a, ba mai amsa shi sai wanda ya haɗa lisans da mastar a fannin tare da horon aiki na awa 500. Tun 2017 kuma a bakin shiga shekarar farko ta mastar ake tace mutane, kuma sikoloji na cikin fannonin da aka fi cunkoso a kansu, domin ba a iya ɗaukar ɗalibai fiye da wuraren horon da ake da su. Kowane mastar da aƙidarsa. Wani na bin tafarkin Freud, wani na bin gyaran tunani da ɗabi'a, kuma mabiya waɗannan biyu ba su cika shan inuwa ɗaya ba. Wasiƙarmu ta yabi dukansu a sakin layi ɗaya. Ni na sa mata wannan, ina ganin faɗin ilimi ne zai nuna.

Lambar da na rubuta da hannuna

A fom ɗin Amurkawa akwai wani ɗan akwati da ake sa maki bisa 4. Na ɗauki salula na raba 14,6 da 20 na ninka da 4, ta ba ni 2,92, na ce ta sa. Jami'o'i da yawa a can ba sa duba wanda ya gaza 3,0. A wurinsu kashi 73 cikin ɗari maki ne na tsaka-tsaki, alhali a wurinmu na zakaru ne. Akwai hukumomin da aikinsu ke nan, irin su WES, suna auna takardun ƙasashen waje da sanin yadda kowace ƙasa ke ba da maki, kuma wasu makarantun sun rubuta ƙarara cewa kada baƙo ya juya makinsa da kansa. Ba mu kai ga shafin da aka rubuta haka ba. Yarinyar da ke cikin na gaba a ajinsu, da hannuna na mayar da ita ta baya, kuma mai yiwuwa a wani wurin ko idon mutum bai kai kan dosiyen ba. Ga kuma batun shekara uku: digirin farko a Amurka shekara huɗu ne, wasu jami'o'in na karɓar lisans ɗinmu, wasu sai an haɗa da mastar. Wannan ma tambaya ce ta layi biyu da ba mu yi ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wasiƙar da ta sa ni hawaye

Wasiƙar bayyana dalilinta shafi biyu ce. Shafi ɗaya da rabi labarin uwarta ne, ƙanwata, wadda bayan haihuwar autanta ta daina magana wata huɗu, aka kai ta wurin malamai, aka yi hayaƙi, aka ce iska ce, yarinyar tana shekara goma sha ɗaya ita ke goyon jariri. Ranar da ta karanta mini na share hawaye na ce kada ta taɓa ko waƙafi. Ta rufe da cewa burinta ta share hawayen dukkan matan Nijar.

Abokina ya ce akwai wani bincike da Drew Appleby da Karen Appleby suka buga a 2006, inda shugabannin kwamitocin ɗaukar ɗalibai 88 a Amurka suka faɗi abubuwan da ke kashe dosiyen mai nema ko da makinsa na da kyau. Sun kasa su gida biyar: wasiƙar da ke cutar da mai ita, shaidar malamai mai lahani, rashin sanin tsarin da ake nema, raunin rubutu, da ƙoƙarin burgewa da ya ɓaci. A cikin na farko sun ambaci zurfafa bayanin ciwon kai ko na gida, da yawan ikirarin son ceton kowa da kowa. Ya ce in ban da raunin rubutu, babu wanda ba mu taka ba.

A nan ni da shi muka ɗan saɓa, kuma har yanzu ina kan bakana. Ban yarda cewa ciwon uwarta abin ɓoyewa ba ne. Mutanen da suka fi riƙe wannan aiki da gaske sau da yawa su ne waɗanda abin ya taɓa gidansu, kuma sana'ar da ke kiran mutane su daina jin kunyar ciwon ƙwaƙwalwa bai kamata ta kori mai nema don ta ambace shi ba. Amma na yarda da shi a kan abu guda: wuri. Shafi biyu kawai take da su. Labarin uwarta ya nuna dalilin da ya sa ta damu, bai nuna abin da ta iya ba. Shekara uku na aikinta a ƙauyuka ta taƙaita su a layi huɗu. Darussan ƙididdiga da hanyoyin bincike da ta ci da kyau ko ambatonsu ba ta yi ba. Da na tambaye ta dalili ta ce, "Kawu, ai yabon kai jahilci ne." Mu muka koya mata haka, kuma gaskiya muka koya mata. Sai dai faɗin abin da ka aikata, nawa, a ina, me ka gano, me ya gagare ka, wannan ba yabon kai ba ne, rahoto ne. Waɗanda take takara da su, da yawansu sun yi shekara ɗaya ko biyu suna mataimakan bincike bayan digirin farko, sunansu na kan takardun da aka gabatar a taruka, kuma sun san yadda ake jera wannan a shafi.

Shaidun da muka zaɓa

Ana neman wasiƙun shaida uku. Ni na ce a nemi manya. Na sa babbar rigata na je gidan wani babban mutum da ya taɓa riƙe muƙami a jiha, abokin marigayi mahaifinta, ya karɓe mu hannu biyu, ya rubuta cewa ƴar gidan mutunci ce mai ladabi da biyayya. Duk gaskiya ne. Amma bai taɓa ganin ta a aji ba, bai taɓa karanta rubutunta ba. Ta biyu daga wani babban farfesa ce da ya koyar da su a zauren mutum ɗari da wani abu: layi uku, mai himma ce, ba ta fashi, ina goyon bayanta. Ba laifinsa ba ne, haka aka saba rubuta su a tsarinmu, hatimi da sa hannu su ne ƙarfin takarda. A can kuwa wasiƙar shaida shafi ɗaya ko biyu ce cike da misalai, kuma gajeriyar wasiƙa ana karanta ta kamar malami yana kauce wa faɗin wani abu. Ta uku shugabanta na aiki ne, ya yabi zuwanta kan lokaci.

Akwai wani ƙaramin malami da ya jagoranci ɗan kundin da ta rubuta a shekarar ƙarshe, wanda ya mayar mata da shi sau huɗu da jan biro, ya san inda take da ƙarfi da inda take tuntuɓe. Ita ta kawo sunansa. Ni na ce a bar shi, sunansa ba zai yi nauyi ba.

Sai batun rubuta wa farfesoshi tun kafin a nema. Abokina ya ce a can abu ne da aka saba: saƙo gajere, na karanta aikinka kaza, ga abin da nake yi, za ka ɗauki ɗalibi bana? Ta zaro ido. "Baba, mutumin da bai san ni ba, babba, in faɗa masa haka kai tsaye ba ɗan aike?" Ya ce, "Matambayi ba ya ɓata, ɗiyata." Kunyar nan ba aibi ba ce, ita ta sa matan ƙauye suka sake da ita suka buɗe mata cikinsu. Amma a wannan ƙofar ta tsaya tana jiran a yi mata iso, alhali babu mai yin iso.

Kayen da ke cikin jakarta

An kusa kiran magariba ya tambaye ta, cikin hira, me ya fi ba ta wahala a aikin. Ta ce fom ɗin. A wurin aiki suna amfani da wasu tambayoyi 20 na Hukumar Lafiya ta Duniya da ake kira SRQ-20, ana amsa su da e ko a'a, don gane wanda damuwa ta yi wa yawa. Ana tambayar ciwon kai, rashin barci, rashin cin abinci, rawar hannu, saurin firgita, yawan kuka. Ta ce waɗanda suka shafi jiki ba gardama, mata na amsawa. Amma in ta zo kan tambayar ko mutum na jin ba ya cikin farin ciki, sai macen da aka ƙone garinsu, ɗanta na kwance da tamowa, ta ce, "Alhamdu lillahi." Cewa e a wurinta kamar butulce wa Allah ne. Sai a rubuta a'a, makinta ya sauka, a wuce ta. Bayan an rufe fom kuma, ana cikin ba yaro abinci, sai ta ce gabanta na faɗuwa ko ganye ya motsa, ko tunani ya hana ta jin ɗanɗanon tuwo, ko ƙirjinta kamar an ɗora turmi.

Ta buɗe jaka ta fito da wani kaye mai shuɗin bango, gefensa ya sha man gyaɗar da ake ba yaran. Shekara biyu tana rubuta irin waɗannan kalmomi. Kowane shafi ta ja layi uku da biro: abin da matar ta ce, abin da aka tambaye ta kafin ta faɗa, da yankin da ta fito, don ta lura Zamfarawa da matan Gobir da na Katsina ba kullum suke kiran abu ɗaya da suna ɗaya ba. Faɗuwar gaba, ƙunci, zullumi, ɓacin rai, tunani, nauyin kai, mutuwar jiki. Wasu ta sa musu alama da ja, waɗanda ta ga suna zuwa tare da daina shayarwa.

Abokina ya riƙe kayen nan ya fi minti ashirin, shayinsa ya huce. Ya ɗago ya ce, "Me ya sa wannan ba ya cikin dosiyen?" Ta ce ai ba bincike ba ne, rubutun kanta ne kawai.

Ya gaya mata cewa wani nazari na 2008 ya duba manyan mujallun fannin, aka ga kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi binciken a kansu sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu arziki, waɗanda ba su wuce kashi 12 na al'ummar duniya ba. Akwai malaman da aikinsu ke nan, gano ko ma'aunin da aka ƙera a wani harshe yana auna abin da ake zato in an kai shi wani. Irin waɗannan ba sa rasa ɗalibai masu maki. Abin da suke rasa shi ne mai jin Hausa tun daga nono, wadda matan suka yarda da ita, wadda kuma ta riga ta hango inda ma'aunin ke yoyo. Tambayar da ya nema tun farkon zama tana cikin jakarta, mun bar ta a gida mun aika da takardar babban mutum.

Abin da ba laifin kowa ba a gidanmu

Ba na son a fahimce ni kamar da mun gyara waɗannan da lalle an ɗauke ta. Abokina da kansa ya ce kowace shekara yana mayar da mutanen da ba su da aibi ko ɗaya, don kujera ɗaya ce, mutum biyar sun cancanta. Wani kaso na kuɗin horar da ɗalibai a Amurka na gwamnati ne, ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin kaɗai ke cin sa, don haka baƙo ya fi tsada ga sashe. Ɗalibin da ya yi karatu inda babu ɗakin bincike ba shi da inda zai samo shekaru biyun nan na mataimaki. Sannan wata ɗaya bayan zamanmu aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, dangantaka da Faransa ta lalace, a Janairun 2024 aka rufe ofishin jakadancinta a Yamai. Ga mai son sake nema, ƙofa biyu cikin bakwai suka toshe tun kafin wani ya karanta ko layi ɗaya.

Inda aka kwana

Shawarar da ya ba ta ba ta yi mata daɗi ba da farko: ta yi mastar a nan gida, ta mayar da kayen nan kundi, sannan ta sake nema. Tana ganin koma baya ne. Sai da ta yi mako biyu ba ta ɗaga zancen ba, sannan ta kira ƙaramin malamin nan da na ce a bari. Ya karɓe ta, ya kuma fara da gaya mata abin da ba mu sani ba: abin da ke cikin kayen ba za a buga shi haka ba, don matan ba su ba da izini ba. Sai an rubuta tsarin bincike, kwamitin ɗa'a ya amince, kowace mace an yi mata bayani da Hausa ta yarda. Fassarar tambayoyin ma da ƙa'idarta: mutum biyu su fassara kowa daban, na uku da bai ga asalin ba ya mayar da ita harshen farko, a gwama, sannan a gwada da matan a ji me suka fahimta. Ta koma kan ƙididdiga, tana koyon manhajar R a wata tsohuwar kwamfuta, in an ɗauke wuta ta ci gaba a takarda.

Ta rubuta wa malamai tara. Saƙon farko sai da ya kwana uku a salularta kafin ta iya aikawa. Shida ba su amsa ba. Ɗaya ya ce ba ya ɗaukar kowa. Ɗaya ya ce ba shi da kuɗi bana, ta sake tuntuɓarsa. Ta ƙarshe, wata mace, ta aiko da tambayoyi biyar a kan yadda ta rarrabe kalmomin, ta ce in ta tattara bayanan farko tana son ta gani. Ba alƙawari ba ne, kuma ita ma ta san haka. Har yau da nake wannan rubutu ba ta sake nema ba, sai ta kare kundinta.

Ran Juma'ar da ta wuce ta same ni a zaure da kayen a hannu, na biyu ne yanzu, na farkon ya cika. Ta ce, "Kawu, ƙunci da ɓacin rai, a wurinka abu ɗaya ne?" Na yi ta juya su na kasa raba su, na ce mu shiga wurin Inna. Tsohuwar na zaune tana ɓarar gyaɗa, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ɓacin rai wani ne ya sa miki, kina iya nuna shi. Ƙunci kuwa tashi kike da shi da safe." Yarinyar ta durƙusa nan bakin ƙofa, ta ɗora kayen a gwiwa, ta tambayi kakarta ko a Gobir ma haka ake cewa.